Famfon Matsa-Tiyo: Ƙirarsa da Gurbinsa a Kwarin Rima

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da rani, ya kai dubansa ga fadamar kogin Rima, wanda ake kuma kira Gulbin Kabi, zai ga ƙananan injinan ban-ruwa birjik a bakin rijiyoyi da kududdufai, kowanne yana tura ruwa cikin fangalin shinkafa. Su ne suka gaji jigon da kakanninmu suka yi aiki da shi, kuma sun ƙara yawa tun bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 1915 da ɗari, watau 2015. Injin mai bakin inci 3 yana iya fitar da ruwa kusan lita 1,000 a minti ɗaya. Saboda haka in an ce famfo a wannan yanki, yawan ruwa shi ne abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana ƙirar wani famfo dabam, wanda sau da yawa yakan shafe awa guda cur bai tura abin da ya wuce lita ɗaya ba, alhali kuwa ran mutum yana iya rataya a kan wannan litar. Shi ne ke zaga jinin majinyaci a na'urar wankin ƙoda, shi ne kuma ake iya sa wa ya ɗiga sinadarin kulorin cikin ruwan sha. Abin da nake son in nuna wa mahalarta wannan taro shi ne, a wannan famfo tiyon shi ne ainihin famfon, moto da ƙarafa hidima kurum suke yi masa, kuma duk wata shawara da maƙeri zai yanke tana komawa ne ga tambaya guda: yaya za a matse tiyon, sau nawa, kuma har zuwa wane mizani?

2.0 Suna da Asali

Masana kimiyya sun aro sunan wannan famfo daga kalmar Girkanci, feristalsis, wadda ke nufin matsewa ta kewaye. Da ita suke kiran motsin da hanji da hanyar abinci ta cikin wuya ke yi, inda tsoka ke tsukewa a bayan loma, tsukewar kuma ta yi ta tafiya gaba tana kora lomar. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da doki yana shan ruwa a gulbi ya ga wannan da idonsa: kan dokin yana ƙasa, cikinsa yana sama, amma ana ganin kurɓi yana hawa wuyansa ɗaya bayan ɗaya. Haka nan mahauci in zai wanke hanji, yakan kama shi da yatsu biyu ya zuge, abin da ke ciki ya fita ta ɗaya bakin. Na zaɓi in kira shi famfon matsa-tiyo domin sunan ya faɗi aikin. Wani abokin aiki yana iya fifita famfon tatsa, ba kuwa zan yi jayayya da shi ba, gama mai tatsar nagge ma abin da yatsunsa ke yi ke nan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1855 Rufus Porter da J. D. Bradley suka yi rajistar ƙirarta a Amurka, da nufin jawo ruwan rijiya. A 1881 Eugene Allen ya yi rajistar wata domin ƙarin jini. Amma wanda ya fito da ita fili shi ne Michael DeBakey, wanda a 1932, yana ɗalibin likita a Jami'ar Tulane, ya gyara ta domin ƙarin jini daga mutum zuwa mutum. Irin wannan famfo ne aka sa cikin na'urar da John Gibbon ya yi aiki da ita ran 6 ga Mayu, 1953, a Filadelfiya, sa'ad da na'ura ta riƙe aikin zuciya da huhun wata budurwa har aka gama ɗinke mata huda a zuciya. Abin lura a nan shi ne, famfon ya fara da rijiya, bai yi kasuwa a can ba, sai da ya koma ga aikin awo da tsabta.

3.0 Yadda Yake Aiki

Sassansa ba su da yawa. Akwai gida mai bango a lanƙwashe kamar rabin faifai. Akwai tiyo mai taushi da aka shimfiɗa a jikin bangon daga ciki. A tsakiya akwai majuyi da moto ke juyawa, a bakinsa kuma an ɗaura rola biyu ko uku ko fiye, kowace tana gangarawa a kan boris. Idan rola ta iso kan tiyo sai ta danne shi da bango har ya rufe ruf, ta ci gaba da tafiya tana kora abin da ke gabanta. A bayanta tiyon yakan koma siffarsa ta da, kuma wannan buɗewa ita ce ke zuƙo sabon ruwa. Ashe ke nan rola turi kawai take yi, zuƙa aikin robar ne. Tiyon da ya gaji, ya daina komawa daidai, ya daina zuƙa ke nan, ko da moton sabo ne fil.

Daga wannan tsari ne halayen famfon suka fito. Ruwan ba ya taɓa komai sai cikin tiyo, don haka babu bawul da zai toshe, babu robar toshe yoyo a kan sanda da za ta lalace, babu ƙarfen da zai yi tsatsa ya gurɓata abin da ake turawa. Manomin fadama ya san wahalar ɗura wa injinsa ruwa kafin ya kama, domin farfela ba ta iya zuƙar iska. Famfon matsa-tiyo kuwa yana tura iska kamar yadda yake tura ruwa, yana kamawa da kansa, kuma yin aiki a bushe ba ya ƙona shi. In an juya moton baya, ruwan ya koma baya. In an tsayar da shi, rolar da ta tsaya a kan tiyo ta zama marfi. Wannan na ƙarshe yana da sharaɗi: tilas a kowane lokaci a sami aƙalla rola ɗaya a kan tiyon. Mai rola biyu sai bangonsa ya ɗan zarce rabin da'ira, watau digiri 180, mai uku kuwa digiri 120 da ɗoriya ya ishe shi.

Lissafin abin da yake turawa mai sauƙi ne. A sami faɗin ramin tiyon, a ninka shi da tsawon da'irar da rola ke bi, sa'an nan a rage gurbin da rololin suka danne. Alal misali, tiyo mai rami milimita 8 faɗin raminsa murabba'in milimita 50 ne. In nisan rola daga tsakiya milimita 40 ne, da'irar ta kama milimita 251, abin da ke ba da mililita 12.6 a kowane juyi, ya koma wajen 11 bayan an cire gurbin rola. Tun da faɗin yana tafiya da murabba'in ramin, ninka rami sau biyu yana ninka ruwa sau huɗu. Daga nan wata ƙa'ida ta fito wadda za mu sake komawa kanta: babban tiyo mai juyi a hankali ya fi ƙaramin tiyo mai juyi da sauri daɗewa.

4.0 Tazara Tsakanin Rola da Bango

A nan ne ƙirar take tsayawa ko ta faɗi, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Idan an danne tiyo har ya rufe, kaurinsa ya zama kaurin fatarsa sau biyu. In maƙeri ya bar tazara daidai wannan kauri, fatun biyu za su taɓa juna ne kawai, kuma da zarar turi ya ƙaru a gaba sai ruwa ya sulale baya ta gefe biyu na matsin, inda robar ta naɗe. Saboda haka ake rage tazarar da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Mu ɗauki tiyo mai kaurin fata milimita 1.6, wanda ya yawaita a ɗakunan gwaji. Ninki biyu ya zama 3.2. Tazarar da ake nema tana tsakanin 2.9 da 2.6. Watau duk filin da maƙeri ke da shi na yin kuskure bai wuce sulusin milimita ba, kuma wannan sulusi shi zai ɗauki karkatar sanda, da wasan boris, da rashin daidaiton bangon, da bambancin kaurin tiyo daga wannan ƙunshi zuwa wancan. Idan tazara ta yi yawa, awo ya lalace ba tare da an ji wata ƙara ba, moto yana juyi lafiya lau, ruwa kuwa yana komawa baya. Idan ta yi kaɗan, moto ya yi nauyi, robar ta yi zafi, cikinta ya riƙa ɓarɓashi yana bin ruwa, daga bisani ta tsage a tsaye, a daidai layin naɗin nan biyu.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce a kafe rola wuri ɗaya, a sassaƙa bangon da injin sassaƙa ƙarfe har a sami tazarar. Wannan ta fi sauƙin sassa, ta fi kuma riƙe turi mai ƙarfi, amma ba ta yafe kuskure. Ta biyu ita ce a ɗora rolar, ko bangon kansa, a kan sifirin, yadda ƙarfin dannawa zai zama ɗaya ko tiyo ya ɗan yi kauri ko ya ɗan sirance. Bugu da ƙari, in wani ya manta ya rufe hanyar fita, sifirin yakan ja baya ruwa ya koma, maimakon tiyo ya fashe. A ganina ita ce ta dace da ma'aikatunmu, domin tana rufa wa injin sassaƙa da ya tsufa asiri, tana kuma ba mai gyara damar daidaita matsin da kusa mai zare guda ɗaya.

Yawan rola ma ciniki ne. Duk lokacin da rola ta ɗaga daga tiyo a bakin fita, wurin da ta danne yakan buɗe, sai ruwan gaba ya ɗan dawo ya cike shi. Wannan ne ke sa ruwan ke fita da bugu kamar jijiya. Ƙara yawan rola zuwa shida ko takwas yana ƙanƙanta bugun, amma yana rage abin da ke fita a kowane juyi, yana kuma ninka dukan da tiyo ke sha. Wasu maƙera sukan zame ƙarshen bangon a hankali domin rola ta saki tiyo sannu sannu. Wasu sukan jera tiyo biyu, rololin ɗaya suna tsakanin na ɗayan, a haɗe bakinsu wuri guda. Ga aikin ɗiga magani cikin tanki bugu ba ya cutar da kowa, rola uku ta isa. Sai dai a kula da abu ɗaya da sababbin maƙera ke mantawa: rola tana jan tiyo gaba kaɗan kaɗan, kuma in ba a ɗaure shi da kyau a bakin shiga ba, zai tattaru a bakin fita ya naɗe.

5.0 Tiyo

Ba kowane tiyo ke wannan aiki ba. Farin tiyon da magina ke awon daidaiton gini da shi, da tiyon man babur, sukan ruɗi mutum don suna da taushi a hannu, amma bayan 'yan dubban matsa sai su kwanta kamar igiyar rama. Wanda ake bukata shi ne mai kaurin fata dangane da raminsa, mai saurin komawa siffarsa. Na silikon yana da taushi, jiki ba ya ƙinsa, yana jure dafawa, amma yana saurin cinyewa. Na robar roba-da-filastik, irin su Norprene da Marprene, ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba, yana kuma jure kulorin da alam. Ga mai da dangogin fetur akan nemi na Viton. Manyan famfunan masana'antu kuwa suna aiki da mesa mai zaren nailan a cikin fatarta, a maimakon rola kuma takalmin ƙarfe ne ke zamewa a kanta cikin man gilisirin. Waɗannan suna iya tura laka da ruwan siminti, da turin da ya kai na ginshiƙin ruwa mai tsawon mita 160, alhali ƙaramin famfon tiyo iyakarsa wajen mita 20 zuwa 40. Wajen zuƙa, babu famfon da ke wuce mita 10 da 'yan kai, domin nauyin iskar sama ne ke tura ruwan, mesa mai kyau kuwa takan kai wajen mita 9.

Yanayinmu yana da nasa hukunci a kan roba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, roba ta yi laushi, komawarta ta ragu, awo ya sauka. Da asubahin hunturu kuma tiyon filastik yakan yi tauri ya nauyaya wa moto. Ke nan awon da aka yi a Janairu ba a dogara da shi a Afrilu.

6.0 Jini

Na'urar wankin ƙoda, wadda Willem Kolff ya fara ƙerawa a garin Kampen na ƙasar Holan a 1943, yau ana samunta a manyan asibitocin Arewa, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A gabanta ana ganin famfo mai rola biyu yana juyi a bayan murfi mai haske. Tiyon da ke cikinsa yawanci mai rami milimita 8 ne, watau irin na misalinmu na baya, don haka in likita ya nemi mililita 300 a minti, juyi 27 ko makamancin haka ya isa. A zaman awa 4 lita 72 ke ratsa tiyon. Tun da jinin babban mutum wajen lita 5 ne, jininsa duka ya bi ta ƙarƙashin rolar nan sau 14. Matsi ya yi yawa, jajayen ƙwayoyin jini su fashe. Ya yi kaɗan, na'ura ta nuna 300 alhali abin da ke wucewa bai kai ba, majinyaci ya koma gida da dattin da aka ce an wanke. Dalilin da ya sa aka zaɓi wannan famfo a nan a bayyane yake: kowane majinyaci da sabon tiyonsa, in an gama a jefar, jinin wani bai haɗu da na wani ba. Ana kuma haɗa shi da hannun juyawa, domin in wuta ta ɗauke ma'aikaciyar jinya ta mayar wa majinyaci jininsa da hannu kafin ya daskare. Ba na ba da shawarar a ƙera na asibiti a gida. Na kawo shi ne don a ga iyakar abin da sulusin milimita ke iya jawowa.

7.0 Ruwan Sha

Inda nake ganin ƙofa a buɗe take ga makarantunmu, irin su Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, shi ne ruwan sha na ƙananan garuruwa. A annobar amai da gudawa ta 2021 an lissafa fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Kebbi kuma tana cikin waɗanda abin ya shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a sami saurar kulorin aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kuma kada ta gaza 0.2 a bakin famfon mai ɗiba. Zuba garin kulorin da gwangwani cikin tanki sau ɗaya ba ya cika wannan sharaɗi: da safe ruwa ya yi warin da mata za su ƙi shi su koma gulbi, da yamma kuma babu komai a cikinsa.

Famfon da aka saba ɗiga magani da shi shi ne mai tantani da bawul biyu. Matsalarsa ita ce ruwan kulorin yana fitar da iska, zafi kuma yana ƙara fitarta, iskar ta taru a kan bawul, famfo ya yi ta bugawa ba abin da ke fita. Garin kulorin da ake sayarwa da sunan HTH, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, yana kuma barin farar laka mai toshe bawul. Famfon matsa-tiyo ba shi da bawul, iska da 'yar laka duk wucewa suke.

Mu gwada lissafi. A ɗauka rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana tana ba da lita 10,000 a awa, ana son a zuba miligiram 1 a kowace lita. Ana bukatar giram 10 na kulorin a awa. Giram 15 na gari a litar ruwa yana ba da haɗi mai giram 10 a lita, saboda haka lita 1 a awa ake nema, watau kusan mililita 17 a minti. Da tiyo mai rami milimita 3.2, da rola mai nisan milimita 25 daga tsakiya, kowane juyi yana ba da wajen mililita 1.1, juyi 15 a minti ya biya bukata. Da mai rami 1.6 sai an yi juyi 60. Rola uku a juyi 15, awa 8 a yini, matsa 21,600 ke nan a kan kowane gurbi na tiyon. A juyi 60 kuwa 86,400.

Kayan haɗin duk suna kasuwa. Boris mai lamba 608, mai faɗin milimita 22, yana iya zama rola in an sa masa riga ta filastik. Moton waifar mota yana aiki da batir mai bolt 12, yana da giyarsa a jiki, sai dai juyinsa ya zarce 40 a minti. Ana iya rage gudunsa da ƙaramar na'urar lantarki, ko a bar shi a juyi 45 a tsinka haɗin zuwa giram 5 na gari a lita. Hanya ta biyu ta fi sauƙi, amma tana cin tiyo ninki uku, tana kuma shanye lita 24 na haɗi a yini. Masu zubin tukwanen alminiyom za su iya zuba gidan, to amma fa kulorin yana cin alminiyom, don haka ko a sassaƙa gidan daga filastik mai kauri, ko a huda masa mafita a ƙasa domin ranar da tiyo ya tsage. Lalle ne a haɗa wutarsa da ta famfon rijiyar, ya tashi tare da shi ya tsaya tare da shi, in ba haka ba zai yi ta zuba magani cikin bututun da ba ruwa. Inda ake tace ruwan gulbi da alam, a ware wa alam nasa tiyon da nasa bokitin, gama haɗuwar ruwan alam da na kulorin a guri ɗaya tana tayar da iska mai guba.

Tiyon kaɗai ne sai an sayo daga waje, kuma abin da ke shiga cikin gidan bai wuce taƙi ɗaya ba a kowane sauyi, don haka ƙunshin mita 15 yana iya riƙe rijiya shekaru. In an bar shi da tsawo, mai kula yana iya jawo sabon gurbi cikin gidan kowane wata ba tare da ya yanke komai ba. Gwajin da zai nuna masa lokacin yin haka ba ya bukatar fiye da agogo da kwalba mai awo: ya tara abin da ya ɗiga cikin minti 10 sau ɗaya a mako, ya rubuta a littafi, ranar da adadin ya sauka da kashi 10 cikin ɗari ya sauya gurbin.